Noman zoɓo: shukar iyakar gona ta zama hajar kwantena

A da, manomin gero a ƙasar Gumel ko Maraɗi ba ya ware wa yakuwa fili. Yakan watsa 'yan ƙwayoyin gurguzu a iyakar gona don ta raba shi da maƙwabci, matan gida su samu ganyen miya da na fate da damina, da kaka kuma su tsinki soɓorodo. Yau buhunan busasshen zoɓo na tashi daga kasuwar Maigatari da ta Dawanau zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, mafi yawansu kuma Meziko suka nufa, inda ake jiƙa shi a sha da sanyi kamar yadda ake yi a Kano. Jihar Jigawa na sahun gaba wajen nomansa a Najeriya, a ƙetare kuma akwai Sudan, musamman yankin Kordofan, wadda ta daɗe da yin suna a kasuwar duniya. Kuɗi ya shigo harkar, amma da yawa har yanzu suna yi wa shukar riƙon da, wato a shuka a manta sai kaka. Daga nan yawancin matsalolinta ke tasowa.

Matsala ta farko ita ce lokacin shuka. Yakuwa ba ta yin fure don ta kai wani girma, tsawon yini take bi. Muddin rana na daɗewa kafin ta faɗi, ganye da rassa kawai za ta yi ta fitarwa. Sai yini ya gajarta, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, take soma huda. Wanda ya shuka a Yuni ko farkon Yuli da wanda ya bari sai Agusta, kusan tare gonakinsu za su yi fure. Sai dai ta farkon ta kai ƙirjin mutum da rassa barkatai, kowane reshe jere da 'ya'ya, ta biyun kuwa iyakarta gwiwa. Manomin da ya makara yakan ɗora laifin a kan iri ko taki, alhali kwanakin girma ne shukar ba ta samu ba.

Ƙasar jigawa mai tsane ruwa ta fi karɓar ta. Saiwarta na nutsewa ƙasa sosai, shi ya sa take jure fari idan ta kafu, amma ba ta shiri da kwanciyar ruwa. A laka ko kwari, idan ruwan Agusta ya kwana biyu a gindinta, ƙwayoyin cuta na ƙasa sukan kama saiwa da kara: gindin ya yi baƙi, ganye ya yi yaushi ko da ƙasa na jiƙe, shukar ta mutu a tsaye. Wadda ta kai haka ba ta tashi, sai a tuge a ƙone. Rigakafin shi ne a yi kunya mai tudu, a buɗe wa ruwa hanya, a kuma bar tazara, kamar santimita 75 zuwa mita 1 tsakanin layi da layi, da rabin mita tsakanin rami da rami. Bayan mako biyu ko uku da tsirowa a rage, a bar biyu a rami. A wannan lokaci ne ciyawa ke cin ƙarfinta, don haka noman farko ba ya jira.

Taki ma sai da hankali. Takin dabbobi da ya ruɓe, ko NPK kaɗan a farkon damina, ya wadatar. Idan aka labta mata yuriya, gona za ta yi kore shar, ganye fal, amma 'ya'yan da ake nema su yi ƙaranci.

Ƙwaron da manomi ya fi gani shi ne wani ɗan ƙaramin buzuzu mai tsalle da zarar an taɓa ganye, wanda ke huda shi ƙanana-ƙanana har ya koma kamar rariya. Babbar shuka takan jure, amma ɗanyen tsiro yana iya ƙarewa. Akwai darɓa da ke taruwa a bayan ganye tana tsotse ruwansa har ya nannaɗe, da kuma jan ƙwaron nan na auduga da ke tsotsar iri idan 'ya'ya sun fara ƙosawa. Barbaɗa toka da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, da fesa ruwan dakakkun 'ya'yan dogonyaro da aka jiƙa ya kwana, suna rage su matuƙa. Feshin maganin ƙwari gab da girbi kuwa haɗari ne, domin ɓawon da aka fesa shi ne za a sha, kuma masu saye a waje suna gwada ragowar magani.

Wata cutar a ƙarƙashin ƙasa take. Idan shuka ta tsumbure, ganye ya yi rawaya ba tare da dalili ba, a tuge ɗaya a duba saiwa. In an ga ƙulle-ƙulle a jikinta, tsutsar ƙasa ce wadda ido ba ya gani, kuma ta fi yawa a rairayi. Yakuwa dangi ɗaya ce da kuɓewa da rama da auduga, cututtukansu kusan ɗaya ne, don haka ba a bin ɗaya da ɗaya a fili guda. Gara a sa gero ko dawa a tsakani.

Furen yakuwa ruwan ɗorawa ne mai haske, da jan ido a tsakiya. Da safe yake buɗewa, kafin yamma ya yi yaushi. Jan ɓawon da ke riƙe da shi ne ke ci gaba da kumbura ya rufe ƙwanson iri, kuma bayan mako biyu zuwa uku ya isa tsinka. Idan an bar shi ya daɗe, sai ya yi tauri, launinsa ya dushe. Ɓare shi daga ƙwanso aiki ne na mata da yara a mafi yawan ƙauyuka, kuma akwai wahala, domin ƙwanson na da gashi mai ƙaiƙayi da ke cin yatsu. Wasu kan yi amfani da ɗan bututun ƙarfe mai kaifin baki: a soka ta gindi, a turo ƙwanson waje, ɓawon ya fito ɗungurungum bai yage ba. Dillalai sun fi son irin wannan. Gurguzun da ya ƙosa kuma ba ya zama asara. Da shi ake daddawar batso, daga ciki kuma ake ware irin baɗi.

Shanya ce ke yanke farashi. Kusan kilo 10 na ɗanyen zoɓo ke ba da kilo 1 na busasshe. Wanda aka baza a ƙasa tsirara yakan kwashi yashi da kashin awaki, wanda aka tara da kauri kuma ya yi zafi a ciki, ya yi baƙi, ya kama funfuna. A kan tabarma ko tamfal ake baza shi falle-falle, ana juyawa, a kwashe kafin raɓar dare, har sai ya riƙa karyewa a hannu.

Bayan an ɗure a buhu ma da sauran aiki. A shekarun baya Meziko ta dakatar da karɓar zoɓon Najeriya bayan an gano wani ƙwaron rumbu a cikin kaya, ƙwaron da tsutsarsa ke iya laɓewa a ɗinkin buhu ko tsagar bango ta yi watanni ba ta ci komai ba. Farashi ya faɗi, kaya suka jibge a sito-sito na Kano, kuma ba a sake buɗe ƙofar ba sai da hukumar killace amfanin gona ta Najeriya ta shimfiɗa ƙa'idar turara kaya da magani kafin a loda. Kamfanonin fitarwa ne ke wannan turaren. Abin da ke hannun manomi da ɗan kasuwar ƙauye shi ne sabon buhu maimakon wanda aka taɓa zuba hatsi ko gyaɗa, ɗaki sharare mara danshi, da katako a ƙarƙashin buhunan don kada su taɓa ƙasa.