Haɗa kwamfutar wasa ta farko: Darasin da wani matashi ya koya a Domayo

Ranar wata Asabar a cikin Afrilu, bayan la'asar, wani tsohon ɗalibina ya yi sallama a ƙofar gidanmu da ke unguwar Domayo a garin Marwa, da kwali ɗaure a bayan babur. Shekara biyu ke nan yana acaɓa yana tara kuɗi, har ya haɗa sefa 250,000. Burinsa guda ne: ya haɗa kwamfutar da za ta iya buga eFootball da GTA V, ya ajiye ta a zauren gidansu, yaran unguwa su riƙa ba da ɗan wani abu suna wasa da yamma.

"Malam, wallahi na haɗa komai yadda na gani a YouTube," in ji shi. "Fanka na juyawa, fitila ta kama, amma allo baƙi ƙirin. Cutata aka yi ko?"

Ni ba injiniya ba ne. Malamin makaranta ne da aka ɗora wa kula da 'yan kwamfutocin makaranta, da haka na koyi abin da na sani. Da muka buɗe kwalin muka duba, sai na ga babu wanda ya cuce shi. Kowane kaya da aka aiko masa daga Duwala lafiyarsa ƙalau, sai dai ba su dace da juna ba. Mako uku muka yi kafin allon nan ya kawo hoto, kuma duk wahalar da aka sha, da rubutu a takarda guda kafin biyan kuɗi da an kauce mata.

Kuskure a nan ya fi tsada

Wanda ke zaune a Duwala ko Yawunde, in ya sayi abin da bai shiga ba, tasi zai hau ya mayar. Mu a Marwa sai dai a turo hoto ta WhatsApp, a tura kuɗi ta waya, a jira. Kaya su bi jirgin ƙasa ko mota zuwa Ngaundere, su wuce Garwa, sannan su iso nan, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Wasu kuma ta Najeriya suke samo nasu, daga kasuwar Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja a Legas. Ko ta ina kayan suka zo, mayar da su wata doguwar tafiya ce da sabon kuɗin mota, in ma mai kayan ya yarda ya karɓa. Shi ya sa tambayar farko ba "nawa ne?" ba ce. Tambayar farko ita ce, wannan zai shiga cikin wancan?

Furosesa da madabod: daga nan ake farawa

Furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta. Madabod kuwa, wanda masu gyara a nan suka fi kira kart-mer, shi ne faifan da komai ke zama a kansa. Kowane madabod yana da mazaunin furosesa iri ɗaya tak, ana ce masa soket. Na kamfanin Intel ba ya hawa na AMD, na AMD ba ya hawa na Intel, ko da guduma za a sa.

A ɓangaren AMD akwai soket AM4 da ya fito a 2016, da AM5 da ya biyo baya a 2022. Mai ƙaramin aljihu AM4 ya fi masa, don kayansa sun yi yawa a kasuwa, sabbi da na hannu. A ɓangaren Intel, LGA1700 na ɗaukar zubi na 12 da 13 da 14, LGA1200 kuma zubi na 10 da 11. Akwai tarko a LGA1151: sunan ɗaya ne, amma madabod ɗin da aka yi wa zubi na 6 da 7 ba ya aiki da na 8 da 9, ko da furosesan ya zauna daram a ciki.

Ɗalibin nawa ya sayi Ryzen 5 5600 da madabod B450, dukansu AM4, don haka a ido babu laifi. Amma B450 tun 2018 aka fara yin sa, jerin Ryzen 5000 kuwa sai a ƙarshen 2020 ya fara fitowa. A cikin madabod akwai wata ƙaramar manhaja, BIOS, wadda ke gane furosesa idan an kunna. In tsohuwa ce, ba ta san sabon baƙon ba, sai fanka ta juya allo ya yi shiru. Maganin abin shi ne ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera madabod ɗin, ka duba jerin furosesan da yake ɗauka da lambar BIOS ɗin da kowanne ke bukata, sannan ka ce wa mai sayarwa ya kunna ya ɗauko maka hoton lambar da ke ciki kafin ya naɗe kayan.

Ba kowane furosesa ne ke fitar da hoto ba

Ramin HDMI da ke bayan madabod yana aiki ne kawai idan furosesan na da nasa sashen hoto a ciki. A jerin AM4, masu harafin G a ƙarshe, kamar Ryzen 5 5600G, su ne ke da shi. Ryzen 5 5600 da 5500 ba su da shi. A Intel kuma akasin haka ne: duk mai harafin F, kamar Core i3-12100F, ba ya fitar da hoto sai da kati daban.

Wannan harafi ɗaya na iya zama mafita ga wanda kuɗinsa bai kai ba. Da 5600G za ka iya fara buga wasanni marasa nauyi idan ka rage ingancin hoto, ka yi aikin makaranta da na ofis, in Allah Ya hore daga baya ka ƙara katin hoto ba tare da ka sauya komai ba.

Ram: kama da wane ba ta wane

DDR4 da DDR5 tsawonsu ɗaya, kowanne haƙora 288, amma tsagar da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba. AM4 sai DDR4, AM5 sai DDR5. Madabod na LGA1700 kuwa wani DDR4 yake ci, wani DDR5, sai ka karanta cikakken sunansa. Ka kuma faɗa wa mai sayarwa ƙarara cewa na kwamfutar tebur kake so, don na laftof gajere ne, ba zai shiga ba.

Gigabayit 16 ya wadatar da mai farawa. Sai dai ka sayi sanda biyu masu 8-8, iri ɗaya, maimakon guda mai 16. Idan biyu ne, furosesa na ɗibar bayani ta hanya biyu a lokaci guda, kuma bambancin na fitowa fili musamman ga mai amfani da 5600G, tunda sashen hotonsa daga ram ɗin yake aro.

Katin hoto da akwatin wuta tare ake zaɓensu

Katin hoto, kart-girafik a bakin 'yan kasuwa, shi ne ke cin kaso mafi girma na kuɗin kwamfutar wasa, shi ne kuma ya fi shan wuta. GTX 1650 wat 75 take ja, yawancinsu ba sa bukatar wata waya daban. RX 6600 na jan wat 132, RX 580 kuma 185, kuma dukansu sai an soka musu waya daga akwatin wuta, galibi mai rami 8.

A nan ɗalibin nawa ya yi tuntuɓe na biyu. Ya sayi RX 580 ta hannu, amma akwatin wutar da ya zo kyauta cikin gidan kwamfutar ba shi da wannan waya sam. Sai ya ajiye katin a gefe ya soka HDMI a madabod, alhali furosesansa ba ya fitar da hoto. Ka ga ko da BIOS ɗin sabuwa ce, allon ba zai kawo komai ba.

Akwatin wuta, wato alimantasiyo, ba wurin neman araha ba ne. Wanda aka rubuta wa wat 500 amma ka ɗaga shi ka ji shi sakayau kamar gwangwani, bar shi a wurin. In ya ƙone, ba shi kaɗai yake tafiya ba, yakan tafi da madabod ko kati. Nemi na kamfani sananne mai tambarin 80 Plus, wat 500 zuwa 550, ka ƙirga wayoyinsa a hoto kafin ka biya.

Katin hannu kuma sai an buɗe ido. Tun da Ethereum ta daina dogaro da haƙar kuɗin kirifto da katin hoto a Satumbar 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, RX 580 na cikin waɗanda aka fi amfani da su a wannan harka. Akwai kuma wadda ake kira RX 580 2048SP, wadda ƙarfinta bai kai na asalin mai 2304 ba. Ka sa mai sayarwa ya buɗe manhajar GPU-Z ya nuna maka abin da ta karanta, ya kuma bar katin yana wasa na rabin awa a bidiyo ka ga zafinsa. Gani ya kori ji.

Ƙananan abubuwan da ake mantawa

Madabod ATX tsawonsa milimita 305 ne, microATX kuma 244. Babban gida na ɗaukar ƙaramin madabod, ƙaramin gida ba ya ɗaukar babba. Katin hoto ma a auna tsawonsa da tef a gwada da faɗin gidan. Ma'ajiyar SSD mai siffar M.2 iri biyu ce, NVMe da SATA, kuma ba kowane rami ne ke karɓar duka biyun ba. Idan tsohon allo mai VGA kaɗai kake da shi, ka sani katunan zamani sun bar wannan rami, sai ka nemi mahaɗi ko allo mai HDMI.

Wasu na zaɓar sayen tsohuwar kwamfutar ofis ta Dell ko HP su ƙara mata kati. Dabara ce mai sauƙin kuɗi, amma da yawansu akwatin wutarsu da wayoyinsu na musamman ne, ba ka iya musanya su da na kasuwa, siraran cikinsu kuma sai gajeren kati. A kuma tuna Microsoft ta daina ba Windows 10 sabuntawar yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa tana neman Intel zubi na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama.

Kayan su dace da Marwa ma

Masu bidiyon da yaranmu ke kallo a ɗakuna masu sanyi suke haɗa nasu, a Amurka ko Faransa. Mu daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, lokacin hunturu kuma ƙura na shiga ko'ina. Gidan kwamfuta mai gilashi ta gaba da fitilu kala-kala yana da kyau a hoto, amma iska ba ta ratsa shi. Mai raga a gaba, da fanka biyu masu shigo da iska da guda mai fitarwa a baya, shi ne namu. A ɗora shi kan tebur, kada a ajiye a ƙasa, a riƙa kakkaɓe ƙura duk wata, katin hannu kuma a sa mai gyara ya sake masa man sanyaya.

Sai maganar wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar ruwan Lagdo da ke kudu da Garwa, wadda aka kammala a 1982, kuma idan ruwa ya ja baya kowa na ji a jikinsa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar da aka ƙaddamar a 2023 sun taimaka, amma har yanzu mai kwamfuta ba zai rasa ondila ba. Ƙaramar mai 650VA wat 360 zuwa 390 kawai take iya ɗauka, kwamfuta mai RX 580 da allonta kuwa sun kusa cinye wannan. Mai 1000VA zuwa sama ta fi kwanciyar hankali. Kuɗinta a cikin lissafin farko ya kamata ya shiga, ba sai abin da ya rage ba. Abu mafi haɗari shi ne a ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta BIOS, don madabod na iya mutuwa murus.

Yadda ta kaya

Mun aika Garwa aka kawo akwatin wuta na kirki mai wat 550. Muka soka kati, muka mayar da HDMI bayansa, allo dai shiru. Daga nan muka kai wa wani mai gyara a kusa da babbar kasuwa, ya ciro tsohon Ryzen 3 2200G daga durowarsa ya ɗora, madabod ya gane shi nan take. Ya jona komai a ondilarsa, ya sabunta BIOS, ya mayar da 5600. Hoto ya fito. Kuɗin akwatin wuta da na mota da ladan mai gyara sun cinye abin da yaron ya ware wa madannan wasa na biyu, sai da ya ƙara wata guda a kan babur kafin ya saye shi.

Yanzu duk wanda ya zo min da wannan magana, sai in ba shi takarda da biro ya rubuta amsar tambaya shida: soket ɗin furosesa da na madabod ɗaya ne? BIOS ta san shi? Ram wane iri ne, sanda nawa? Hoto daga ina zai fito? Akwatin wuta na da ƙarfi da wayar da kati ke nema? Komai zai shiga gidan kuma iska za ta ratsa? In ɗaya ba ta da amsa, kuɗi su zauna a aljihu tukuna.

Kwamfutar tana nan a zaurensu tana aiki, da yamma har layi ake yi. Da ya zo godiya na ce masa, "Ɗana, ladana ɗaya ne: duk yaron ajina da ya shigo maka, ka tambaye shi ya gama aikin gida?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai su ne manyan kwastomomina." Muka daidaita a kan cewa lokacin makaranta zauren a kulle yake.