Filtar Gas: Aikin Da Ya Kamata Direba Ya Iya Da Hannunsa

Idan aka ce mini ga mota mai shan gas tana tafiya lafiya lau a kwalta, amma da ta fuskanci hawa ko ta shiga yashi sai ta fara shaƙewa, ana taka totur tana noƙewa, tambayata ta farko ita ce: yaushe rabon a canja mata filtar gas? Yawanci sai a yi shiru. Direba zai gaya maka ranar da aka yi juye, da ranar da aka sa sababbin tayoyi, har da kuɗin da aka biya. Filta kuwa tana can cikin bonet, ba wanda ya tuna da ita. Abin yana damuna, domin a duk kayan da ke tsakanin tanki da injin babu mai arha kamarta, kuma ita ke tsare waɗanda suka fi komai tsada, wato famfon gas da nozul.

Injin gas ba ya aiki da fulogi. Iska yake matsawa har ta yi zafi, sannan nozul ya fesa mata mai, man ya kama da kansa. Kafin hakan ya yiwu sai an turo man da ƙarfin gaske ta ƙananan huji. Tsofaffin injuna, irin 1HZ mai silinda shida da Toyota ke sa wa Land Cruiser tun 1990, suna da haƙuri. Shi ya sa har yau ake ji da su a hanyoyin Agadez, Dirkou da Bilma. Amma tun daga 1997 aka fara sa wa ƙananan motoci sabon tsari, inda famfo ke tara mai a bututu guda yana raba wa nozul, kwamfuta na ba da umarni. Hilux mai injin 1KD ko 2KD, da wadda ta biyo baya a 2015 mai 1GD, duk wannan tsarin ne. Matsin man da ke cikin bututun yakan kai ma'aunin bar 1,600 har ya wuce, alhali iskar tayar motar ba ta fi bar biyu zuwa uku ba. A irin wannan matsi, ƙwayar ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta karce ƙarfe. Kaurin gashin kan mutum yana kusan maikiron 70, filtar waɗannan motocin kuwa an yi ta ne ta kama abin da bai fi maikiron biyu zuwa biyar ba.

Sai kuma ruwa, wanda na fi tsoro fiye da ƙura. Gas ɗin kansa shi ne maiƙon da ke hana ƙarafan cikin famfo cin juna. Ruwa ba shi da santsi, ga shi yana kawo tsatsa. Ta ina yake shiga? Ta tankin gidan mai da ke yoyo a damina, ta durom da aka bari a waje ruwan sama ya kwanta a murfinsa, ta jarkar ɗan bumburutu, da kuma gumin da tankin mota ke yi da kansa idan aka kwana da shi rabi cikin dare mai sanyi. Da yake ruwa ya fi gas nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka aka yi wa filta gindi inda yake taruwa, da ɗan abin da ke tasowa ya kunna wuta a gaban direba. Wutar nan ba ado ba ce. Idan ta kama, a tsaya, a kwance ƙaramin makunnin da ke gindin filta, a danna famfon hannu da ke samanta har ruwan ya fita, gas tsantsa ya biyo baya, sannan a ɗaure da hannu. Minti biyar ne. Na ga direbobin da suka liƙe wutar da baƙin salatif don kada ta dame su da dare.

Littafin kowace mota yana faɗin tazarar canji, kuma ta bambanta daga mota zuwa mota. Ni ra'ayina, mai shan mai daga durom ko jarka kada ya jira abin da littafi ya ce. Duk juye biyu ya canja filta sau ɗaya.

Shi canjin ba wani abin tsoro ba ne. Abin da ya fi ƙarfin sifana muhimmanci a nan shi ne tsabta. A kashe mota, a bar injin ya huce, a goge kan filtar da bakin tiyoyinta tas kafin a kwance komai. Kada a yi aikin a fili ana iska mai ƙura; in a jeji ne, a juya gaban mota ya ba iska baya. A cire soket ɗin wayar da ke jikin filtar, a sa roba a ƙasa, a tsiyaye man da ke ciki. Filta iri biyu ce. Akwai ta gwangwani da ake murɗewa gaba ɗaya, irin ta tsofaffin Land Cruiser, wadda za a kwance mai gano ruwa daga gindinta a mayar wa sabuwa. Akwai kuma wadda gidanta yake zaune, a buɗe murfi a zare takardar ciki kawai, irin ta Hilux ta zamani. Ko wace ce, sabuwar robar zobe da ta zo cikin kwali ita za a sa, a shafa mata gas mai tsabta, a tabbata tsohuwar ba ta maƙale a sama ba. Roba biyu a wuri ɗaya yoyo ne. A ɗaure da hannu har ta zauna, a ƙara kaɗan. Ƙarfi ba ya hana yoyo, fasa roba yake yi.

Akwai wata al'ada da nake so a bari, wato cika sabuwar filta da gas daga galan kafin a ɗaura ta, wai don mota ta yi saurin tashi. Wani ɓangare na man nan yana zuba ne a gefen da ya riga ya wuce takardar tacewa, ya tafi kai tsaye zuwa famfo da duk dattin da ke cikinsa. An sayi sabuwar filta, an fara da tsallake ta. A ɗaura ta a bushe, a danna famfon hannu. Da farko za a ji shi sakwaf, a ci gaba har ya yi tauri. A lokacin ne mai ya cika, iska ta fita. In akwai ƙaramin noti na fitar da iska, a sassauta shi har kumfa ya daina fitowa. Sannan a yi kik, kada a wuce daƙiƙa goma a riƙe, domin famfon da ke juyawa babu mai a ciki yana cin kansa. In ba ta tashi ba a koma kan famfon hannu.

A tsohon injin, bakanike yakan sassauta notin bututun nozul don iska ta fita, kuma daidai ne. A sabon tsari kada kowa ya kuskura. Man da ke fita da wannan matsi yana huda fata ya shiga tsoka, raunin ya zama kamar ɗan tsinin allura a waje, a ciki kuwa yana iya kai mutum ga rasa yatsa. Yaran gareji su ne suka fi shiga wannan haɗari, domin su ake cewa su sa hannu su ji ko mai yana zuwa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wanki. Za ka ji an ce, "Alhaji, bari a wanke ta da fetur a hura mata iska, za ta ƙara kai ka." Takardar ciki ba ta wankuwa. Iskar kwamfureso tana yaga ta, mota ta tashi da ƙarfi, mai ita ya yi murna, bai san rariya mai huji aka mayar masa ba. Haka jabun filta da ke cika kasuwa cikin kwali mai kama da na asali: kwalin ya yi kyau, takardar ciki sakaka. A sayi filta da lambar da ta dace da injin, a wurin wanda za a iya komawa gare shi, a riƙa ajiye guda a mota cikin ledarta, tare da robarta da tsumma mai tsabta.

Idan mota ta tashi, a bar ta tana aiki na ɗan lokaci, a shafa busasshen yatsa a gindin filta da bakin tiyoyinta, a sake dubawa bayan an yi 'yar tafiya. Tsohuwar kuma kada a yi saurin jefar da ita. A juye man cikinta a kwalba mai haske, a ajiye ya kwanta. Ruwa zai fito a ƙasa da layinsa. Jan gari tsatsa ce daga tanki ko durom. Baƙin kitse mai yauƙi ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a inda ruwa ya haɗu da gas, kuma alama ce tankin yana bukatar a sauke shi a wanke. In kuwa aka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, famfo ya fara ci, sai a nufi wurin mai gyaran famfo tun garin bai kai ga nozul ba.