Jin Daɗi Daban, Kwanciyar Hankali Daban

Gabatarwa

Ɗalibin harshe zai lura cewa Bahaushe bai haɗa farin ciki a kalma ɗaya ba. Yana da "jin daɗi", wanda kan zo ya wuce, yana kuma da "kwanciyar hankali" da "wadatar zuci", waɗanda kan daɗe tare da mutum. Wannan maƙala za ta duba ko wanne daga cikinsu abin duniya ke iya saya.

Sabo da Abin Hannu

Lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, layi kaɗai kan kai kimanin naira 20,000, kuma duk mai waya abin kallo ne. A yau kusan kowa na da ita, amma wanda wayarsa ta kwana biyu sai ya riƙa hangen ta abokinsa. Dalili shi ne zuciya tana saurin sabawa da abin da ta samu, sai ta koma neman na gaba. Shi ya sa Hausawa ke cewa kwaɗayi mabuɗin wahala.

Masana sun gwada wannan. A shekarar 1978, Philip Brickman da abokan aikinsa sun yi hira da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a caca a Amurka. Sun tarar farin cikinsu bai ɗara na sauran jama'a da wani abin a zo a gani ba. Hasali ma, ƙananan abubuwan yau da kullum sun rage yi musu daɗi.

Abin da Ke Ɗorewa

Wannan ba ya nufin talauci abin so ne. Wanda ba shi da abinci ko kuɗin magani, samun kuɗi zai sauya rayuwarsa ƙwarai. Sai dai bayan biyan buƙata, wani abu ne ke riƙe mutum. Binciken Jami'ar Harvard da aka fara a 1938, wanda ya bibiyi rayuwar maza 724 na tsawon shekaru aru-aru, ya nuna cewa masu kyakkyawar alaƙa da iyali da abokai sun fi lafiya da natsuwa a tsufansu.

Kammalawa

Ashe ke nan waya da mota jin daɗi suke kawowa, kwanciyar hankali kuwa a wurin mutane take. Waya tana da amfani idan ta sada mu da 'yan'uwa, amma kada mu manta, 'yan'uwa ɗalibai, zumunta a ƙafa take.