Birnin Masdar: Darasi Daga Garin Da Aka So Ya Rayu Ba Hayaƙi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu leƙa wani gari da aka kafa bisa babban buri, domin mu ga iyakar abin da buri yake haifarwa.

A shekarar 2008 ne masarautar Abu Dabi, wadda arzikinta ya taso daga man fetur, ta fara ginin birnin Masdar. Niyyarta ita ce a sami gari mai faɗin murabba'in kilomita 6, mai ɗaukar mutum wajen 50,000, ba hayaƙi, ba juji, ba motar fetur a titunansa. An ƙiyasta aikin zai ci dala biliyan 22, a gama shi a 2016.

Magina suka koma ga hikimar tsofaffin biranen Larabawa. Suka matse tituna don gine-gine su yi wa juna inuwa, suka tsayar da hasumiya mai tsawon mita 45 da ke jawo iska daga sama zuwa dandali. Duk wanda ya san lungunan cikin birnin Kano da sanyin soron ƙasa ba zai ga baƙon abu a nan ba.

To, amma karayar tattalin arzikin duniya ta 2008 ta rage wa aikin gudu. Da 2016 ta zo, ɗan kaɗan aka gina, shugabannin aikin kuma suka amsa cewa burin kawar da hayaƙi ɗungum bai cika ba. Duk da haka, garin ya zama mazaunin IRENA, hukumar duniya mai kula da makamashin rana da iska da makamantansu, ya kuma koya wa magina yadda ake rage shan wuta da ruwa.

Mu Musulmi muna da misalin da ya riga wannan. Manzon Allah (SAW) ya haramta sare itatuwan Madina, ya keɓe makiyayar Naƙi'u don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe ta Rabaza. Wannan tsari bai ci dukiya mai yawa ba, domin ya tsaya ne kan doka da tsoron Allah a zukatan mazauna gari. Kuɗi na iya tayar da gini, amma ɗabi'ar jama'a ce ke riƙe shi.

Saboda haka muna kira ga ma'aikacin da ke sa hannu a yanka filin itatuwa ko kududdufi a mai da shi fuloti, da ɗan kasuwar da ke zuba shara a magudanar ruwa, da mai barin famfon masallaci yana zuba bayan alwala, su tuna ƙasa amana ce, kuma za a tambaye mu a kanta.

Allah Ya sa mu dace, amin.