Lasisi, Izini da Kuɗin Aikin Wayarin a Birnin Sakkwato

Yayin da birnin Sakkwato ke faɗaɗa, sababbin gine-gine na tasowa a unguwanni irin su Mabera da Arkilla da Gwiwa, buƙatar masu aikin wayarin, wato masu shimfiɗa wayoyin lantarki a cikin gini, ta ƙaru ƙwarai. Sai dai yawancin magidanta suna zaɓen mai aiki ne bisa sanayya ko sauƙin farashi, ba tare da tambayar ko yana riƙe da takardar da doka ta tanada ba, alhali wannan takarda ita ce ke ɗora alhakin aikin a wuyan mutum sananne wanda za a iya nema idan wata ɓarna ta auku.

Hukumar da ke da hurumin tantance masu wannan sana'a a Nijeriya ita ce NEMSA, wadda aka kafa da dokar shekarar 2015, kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta ci gaba da amincewa da aikinta. Ita ke jarraba masu neman lasisi, ta ba su takardar shaidar ƙwarewa wadda ake sabuntawa lokaci zuwa lokaci, kuma ita ke da ikon duba aikin lantarki da gwada shi kafin a sakar masa wuta. Lasisin nata mataki-mataki ne gwargwadon ƙarfin wutar da mutum zai taɓa, domin wanda aka amince ya yi wayarin gida mai bolt 230, ko masana'anta mai layi uku da bolt 400, ba lallai ne ya cancanci kafa taransifoma ko jan layin bolt 11,000 da na 33,000 ba. Ƙa'idojin aikin kuwa hukumar NERC, mai sa ido kan harkar lantarki, ce ta tsara su a shekarar 2015.

Kafin mutum ya kai wannan matsayi, sai ya nuna shaidar koyo. Wasu suna fitowa daga kwalejojin koyon sana'a da takardar hukumar jarrabawa ta NABTEB, wasu daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da takardar difloma, yayin da mafi yawa suka koya a hannun ubangida, suna riƙe masa tsani da fasa bango har hannunsu ya faɗa. Ga wannan rukuni na ƙarshe akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai daraja uku, wadda ake farawa daga ta uku a ƙare a ta ɗaya. Majalisar COREN, da aka kafa a 1970, tana yi wa injiniyoyi da masu fasaha da masu aikin hannu rajista, kowa a matakinsa. Wanda yake son ya zama ɗan kwangila sosai sai ya ƙara da rajistar kamfani a hukumar CAC da shaidar biyan haraji, musamman idan yana neman aikin gwamnati, sannan masu lasisi suna da ƙungiyarsu ta LECAN.

Ta fuskar mai gida, izini iri biyu ne ke gabansa. Na farko shi ne amincewar hukumar tsara birane ta jiha da taswirar ginin, wadda a manyan gine-gine ta ƙunshi zanen hanyoyin wuta. Na biyu shi ne izinin jona wuta daga kamfanin Kaduna Electric, wanda ke rarraba lantarki a jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara tun bayan sayar da kamfanonin rarrabawa ga 'yan kasuwa. Iyakar mai wayarin ita ce cikin gini, don haka hawa turken wuta a jona waya ba da sanin kamfani ba, ko zagaye mita, laifi ne da doka ta tanadar wa tara ko ɗauri, kuma hukuncin yana iya hawa kan mai gidan da mai aikin baki ɗaya.

Batun kuɗi ya kasu gida uku: kayan aiki, ladan aiki, da kuɗin mita. Ladan aiki galibi ana lissafa shi ne da poyin, wato kowane wuri da za a sa ƙwan fitila ko fanka ko soket, ko kuma a yanke jimilla ɗaya bisa yawan ɗakuna. Wayarin da ake binnewa cikin bututu a bango ya fi wanda ake bugawa a saman bango tsada, saboda fasa bango da sayen bututu, amma ya fi shi kariya da daɗewa. Kaso mafi tsoka yana tafiya ne a kan waya, wadda farashinta ke bin farashin jan ƙarfe a kasuwar duniya da darajar naira, abin da ya sa ya yi tashin gwauron zabo bayan da aka saki naira ga kasuwa a watan Yunin 2023. A watan Satumbar wannan shekarar NERC ta tsayar da farashin mita mai layi ɗaya a kusan naira 82,000, mai layi uku kuma a kusan naira 144,000, kafin a bar farashin ga gasar masu sayarwa a 2024.

A wajen waya ne ake yawan cutar mai gida, ko shi ya cuci kansa da neman rangwame. Ƙa'ida ita ce waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ga fitilu, mai 2.5 ga soket, mai 4 ko 6 ga na'urar sanyaya ɗaki da murhun lantarki. Idan aka rage kaurin, ko aka sayi jabun waya da ba ta cika ma'aunin hukumar kula da ingancin kaya ta SON ba, sai ta riƙa ɗaukar zafi har robar jikinta ta narke. Wannan haɗari ya fi tsanani a Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, domin waya a cikin silin da ke ƙarƙashin kwano mai zafi ba ta iya ɗaukar nauyin da za ta ɗauka a wuri mai sanyi, kuma a daidai lokacin ne ake kunna kowace fanka da firji. Haka nan wasu kan tsallake wayar da ke zubar da wuta cikin ƙasa idan ta ɓalle, ko su yi sakaci da makunnin da ke raba wutar kamfani da ta janareta ko ta sola, wanda rashinsa kan tura wuta baya zuwa layi ta halaka ma'aikacin da ke gyara a kan turke. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma abin da aka rage a kuɗin waya bai kai ko kusa da asarar gobara ɗaya ba.

Saboda haka ya wajaba mai gini ya nemi ganin lasisin mai aiki kafin a yi ciniki, ya karɓi rubutaccen ƙiyasi da ya raba kuɗin kaya da ladan aiki tare da bayyana kaurin waya da sunan kamfaninta, kuma ya tabbata an gwada aikin kafin a jona wuta. Ya kamata kuma gwamnatin jiha da ƙungiyoyin sana'a su sauƙaƙa wa matasan da suka koya a hannun iyayen gida hanyar zama jarrabawa, domin akwai ƙwararru da yawa a cikinsu waɗanda takarda kawai suka rasa, kuma shigar da su cikin tsari zai kare rayuka da dukiyoyin al'ummar Sakkwato.