Laftof ta sandare bayan sabuntawa? Dakata, kada ka yi saurin kai ta a goge

A shirinmu na kimiyya da fasaha na wannan karo mun ɗauko matsalar da saƙonninku suka yi ta maimaitawa, tun daga Maraɗi da Damagaram har Katsina da Daura: mutum ya rufe laftof ɗinsa lafiya lau, ta ce tana sabunta kanta, washegari ya buɗe sai ta sandare, ko ta riƙa mutuwa tana tashi, ko ta nuna shuɗin allo mai rubutu. Ga bayanin a rubuce, saboda wanda bai samu sauraro ba, da wanda ya ce sunayen maɓallan sun wuce shi da sauri. Da yake wasu injinan da Turanci suke, wasu da Faransanci, za mu riƙa kawo sunayen biyu kamar yadda za ka gan su a allo.

Kafin komai, riƙe wannan. Abin da aka fi yi idan laftof ta cije shi ne a ruga wurin mai gyara, shi kuma ya ce sai an yi fomat. Fomat kuwa sharewa ce. Kundin kammala karatun ɗalibi, lissafin bashin ɗan kasuwa, hotunan biki da na suna, duk suna iya tafiya cikin 'yan mintoci. Alhali sau da yawa fayilolinka na nan daram, ƙofar shiga ce kawai ta cije. To, akwai matakai da yawa kafin a kai ga sharewa, kuma mafi yawansu ba sa cin ko sisi.

Me sabuntawar ta taɓa?

Kamfanin Microsoft yana fitar da gyare-gyaren Windows ranar Talata ta biyu a kowane wata. Wannan ita ce ƙaramar sabuntawa, wadda masu gyara ke ce wa ofdet, a bakin masu Faransanci kuma mizajur. Akwai kuma babba, wadda ke canza sigar Windows ɗin gaba ɗaya. Idan inji ya rikice bayan ɗayansu, galibi ɗayan abubuwa uku ne.

Na farko direba. Kowane sashe na laftof, kamar allo da lasifika da abin kama intanet, yana da 'yar manhajar da ke tafinta tsakaninsa da Windows. Ita ake kira direba, da Faransanci "pilote". Idan Windows ta sabunta amma tafintan na da ne, ko aka ɗora wani sabo da bai dace da injinka ba, sai magana ta rikice. Kuma direba a can cikin zuciyar tsarin yake aiki, shi ya sa idan ya yi tuntuɓe duk injin ke faɗuwa. Duniya ta ga misalin haka ranar 19 ga Yuli 2024, lokacin da wata sabuntawa ta manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta jefa injinan Windows kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, bisa ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama suka kasa tashi. Ka ga ba tsohuwar laftof ɗin gwanjo kaɗai abin ke samu ba.

Na biyu katsewa. Mafi yawan laftof ɗin da ke hannunmu na hannu ne, batirinsu ya gaji, ba ya riƙe caji. Ana tsakiyar sabuntawa sai a ɗauke wuta, inji ya mutu, rabin fayilolin tsarin sababbi, rabi tsofaffi. Haka ma wanda ya ga rubutun "kada ka kashe" ya daɗe, ya gaji ya danne maɓalli.

Na uku tsohuwar cuta. Sabuntawa aiki ne mai nauyi, tana sa inji ya yi ta karatu da rubutu na tsawon lokaci. Idan rumbun ajiya ya fara lalacewa, ko ƙurar hunturu ta toshe fanka, a nan asirin zai tonu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Matakin farko: haƙuri da dubawa

Bayan sabuntawa inji yakan yi nauyi na ɗan lokaci, domin yana ƙarasa aiki a ɓoye. Jona shi da caja, ɗora shi a kan tebur, ba a kan katifa ko cinya ba, ka ba shi kamar awa ɗaya ko biyu. Cire duk abin da ke jone da shi: filash, firinta, modem, linzamin waje.

Idan allo ya tsaya cak, danna maɓallin manyan baƙaƙe ka duba 'yar fitilarsa. In tana kunnuwa tana mutuwa, injin da ransa, wata manhaja ce ta riƙe shi. Sai ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. A allon Faransanci Shift shi ne Maj, Esc kuma Échap. Shafin da zai buɗe zai nuna maka manhajar da ke cinye ƙarfin injin, ka rufe ta. In kuwa hoto ne ya tsaya ko allon ya yi duhu, gwada maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare, wannan yana farkar da direban allo. Sai duk waɗannan sun ƙi za ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10 har ta mutu.

In shuɗin allo ne, wanda a sababbin Windows 11 ya koma baƙi, kada ka tsorata. Ɗauki hotonsa da waya kafin ya ɓace. Akwai wasu kalmomi da manyan baƙaƙe a ƙasa, su ne sunan cutar. VIDEO_TDR_FAILURE yana nuni ga direban allo. MEMORY_MANAGEMENT yakan nuna ram. INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE na nufin Windows ta kasa isa ga rumbun da take zaune a ciki. Wannan hoto zai rage wa mai gyara lalube, kai kuma ya rage maka kuɗi.

Duk lokacin da injin ya buɗe, ko na minti biyar ne, don Allah kada ka tsaya gwaje-gwaje. Kwashe muhimman fayilolinka zuwa filash ko waya tukuna.

Shiga ta ƙofar baya

Windows tana da wani yanayi da take tashi da direbobin dole kawai. Sunansa "Safe Mode", ko "Mode sans échec". Idan kana iya kaiwa shafin da ake sa kalmar sirri, riƙe Shift ka danna "Restart" ko "Redémarrer". In ba ka iya kaiwa can, kunna injin, da zarar tambarin Windows ya bayyana ka danne maɓalli har ya mutu. Maimaita sau biyu ko uku, da kansa zai kai ka shafin gyara. Daga nan ka bi "Troubleshoot" ko "Dépannage", sai "Advanced options" ko "Options avancées", sai "Startup Settings" ko "Paramètres de démarrage". Idan ya sake tashi ya nuna jerin lambobi, danna F4.

Wannan mataki gwaji ne babba. Idan inji ya zauna lafiya a wannan yanayi, to da alama ƙarfen lafiyarsa ƙalau, direba ne ko wata manhaja. Idan a nan ma yana sandarewa, zargi ya fi karkata ga rumbu ko ram ko zafi.

A wasu injinan, shafin gyara zai nemi mabuɗin BitLocker, lambobi 48 ne. Galibi yana ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita injin, ana iya dubo shi ta waya. Mai laftof ta hannu ya nemi wannan tun yana lafiya, domin in rumbu a kulle yake babu mabuɗi, ko mai gyara ba zai iya ciro fayilolin ba.

Mayar da abin da aka canza

In direba kake zargi, danna dama a kan tambarin Windows ka zaɓi "Device Manager" ko "Gestionnaire de périphériques". Fara da direban allo, ƙarƙashin "Display adapters" ko "Cartes graphiques". Danna shi sau biyu, shiga shafin direba, ka zaɓi "Roll Back Driver" ko "Restaurer le pilote". Zai koma tsohon da ke aiki. In wurin ba ya dannuwa, sauko da direba daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, HP ne ko Dell ko Lenovo, da lambar samfurin da ke rubuce a ƙarƙashinta. Ka guji manhajojin nan da ke alkawarin gyara dukkan direbobi da dannawa ɗaya. Haka kuma in kana da manhajar kariya daga bairos fiye da ɗaya, cire ƙarin, domin biyu a inji guda faɗa suke yi.

In bai yi ba, cire sabuntawar kanta. A cikin "Advanced options" ɗin nan akwai "Uninstall Updates" ko "Désinstaller des mises à jour". Zai ba ka zaɓi biyu, ƙarama ta wata-wata ko babba. Fara da ƙaramar. Wannan ba ya taɓa fayilolinka.

Ga inda lokaci ke da muhimmanci. Idan babbar sabuntawa ce, Windows tana ajiye tsohuwar sigar a wata folda mai suna Windows.old na kwana 10 kacal. Cikin waɗannan kwanaki kana iya komawa baya ta sashen "Recovery" ko "Récupération" da ke cikin saituna. Bayan haka ƙofar ta rufe. Saboda haka kada ka ajiye injin a lungu ka ce sai ƙarshen wata in albashi ya shigo, kuma kada ka goge wannan folda don neman fili.

In kana zaton ɗauke wuta ce ta katse aikin, rubuta cmd a wurin bincike, buɗe shi da ikon mai gudanarwa, ka rubuta sfc /scannow ka danna Enter. Zai duba fayilolin tsarin ya gyara waɗanda suka lalace. Bar shi ya kai ɗari bisa ɗari.

In ba laifin sabuntawa ba ne

Saurari injinka. Fanka na ihu, ƙasan laftof ya yi zafin da ba ka iya taɓawa, tana mutuwa bayan 'yan mintoci, musamman a bazara? Wannan zafi ne, sai an buɗe an share ƙura. Kana jin ƙas-ƙas daga ciki? Tsohon rumbu ne mai juyawa yake ban kwana. Kashe shi nan take, domin kowace kunnawa tana ƙara masa rauni. Don gwada ram kuma, rubuta mdsched a wurin bincike, injin zai sake tashi ya gwada kansa.

Akwai kuma maganar Windows 11, wadda ta fito a Oktoba 2021. Tana buƙatar aƙalla ram giga 4, fili giga 64, da wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a injinan Intel galibi sai furosesa ta ƙarni na 8 zuwa sama. Akwai masu dabarar ɗora ta a kan injin da bai cika sharaɗi ba. Tana iya aiki, amma Microsoft ta faɗa a fili cewa ba ta ba irin waɗannan injina tabbacin samun sabuntawa ba. In naka irin wannan ne, ka san inda za ka fara zargi.

Idan ya zama dole ka je wurin mai gyara

Je ka, sana'arsa ce, kuma akwai aikin da sai shi. Amma ka faɗa masa tun a bakin ƙofa: "Malam, a fara kwashe min fayiloli kafin a taɓa komai." Yana iya tayar da injin daga filash, ko ya ciro rumbun ya jona a wani inji. Tsaya ka ga fayilolin da idonka, ka buɗe biyu ko uku. Sannan ka tambaye shi ko ya gwada "Reset this PC" ko "Réinitialiser ce PC" da zaɓin barin fayiloli. Wannan yana sake ɗora Windows, ya cire manhajojin da ka saka, ya bar takardunka da hotunanka. Fomat ita ce ta ƙarshe a layi.

Kada a sake komawa gidan jiya

Wasu daga cikinku sun tambaya, to me zai hana a kashe sabuntawar gaba ɗaya a huta? A'a. A watan Mayu 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitoci a Ingila, alhali tun watan Maris Microsoft ta fitar da maganin ramin da ya bi. Waɗanda ba su sabunta ba su ya kama. Masu Windows 10 kuma ku sani, tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025.

Abin yi shi ne ka zama kai ke zaɓar lokaci. A sashen Windows Update kana iya dakatar da sabuntawa har mako biyar. Yi amfani da wannan idan jarrabawa ta matso, ko ranar kare kundi, ko lokacin rufe lissafi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In da intanet ɗin waya kake aiki, saita layin a matsayin mai awo, wato "Metered connection" ko "Connexion limitée", don kada ta cinye maka data cikin dare. Ranar da ka shirya, kwafi fayilolinka, tabbatar akwai fili a rumbu, jona caja a lokacin da ka san wuta za ta zauna ko inda akwai sola, sannan ka bar ta ta gama.

Wanda ya bi matakan nan bai dace ba, ya aiko mana da kalmomin da ke jikin shuɗin allon da samfurin laftof ɗinsa, za mu duba su tare a shiri na gaba in Allah ya kai mu.