Abincin da Jiki Ya Ƙi: Ina Masana, Ina Kuɗin Bincike?

Yau zancenmu a kan abincin da jiki yake ƙi ne, abin da likitoci ke kira alaji, da kuma dalilin da ya sa sai an zuba kuɗi wajen horar da masana da yin bincike kafin 'ya'yanmu su samu kulawar da ta dace.

Bari mu fara daga tsakar gida. A ce kin dama kunun gyaɗa kin ba jaririnki ɗan wata bakwai. Kafin ki wanke kofin leɓensa ya kumbura, borin jini ya feso masa, ga amai. Kaka ta ce iska ce, maƙwabciya ta ce a ɗura masa manja, wata ta ce ai haƙori ne. To, ba ko ɗaya. Garkuwar jikin yaron ce ta ɗauki gyaɗar a matsayin abokiyar gaba, ta tashi yaƙi da ita. Abincin da suka fi kawo haka su ne madarar shanu, ƙwai, gyaɗa, riɗi, kifi, jatan lande, alkama da waken soya. Wannan daban yake da na wadda in ta sha madara cikinta ya kumbura ko ta yi gudawa. Wancan matsalar narkewar abinci ce, tana da wahala amma ba ta toshe numfashi.

Alaji kuwa yana iya toshe shi. In harshe ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe, murya ta dishe, ko yaro ya yi laushi kamar zai suma, to an shiga haɗari, kuma mintoci ake ƙirgawa. Maganin farko allurar adirenalin ce a tsokar cinya. Ƙwayar ƙaiƙayi irin su Piriton tana rage borin jini, amma ba ta buɗe maƙogwaron da ya rufe.

To ina kuɗi ya shigo cikin wannan zance? Ku saurari abin da ya faru a ƙasashen Turawa. A shekarar 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada a ba yaran da ake tsoron za su kamu da alaji gyaɗa sai sun kai shekara uku. Iyaye suka bi, amma alajin gyaɗa bai ragu ba, sai ma ƙaruwa. Wani likita a Landan, Farfesa Gideon Lack, shi da abokan aikinsa suka kwatanta yaran Yahudawa da ke Ingila da waɗanda ke Isra'ila. A 2008 suka bayyana cewa na Ingila sun ninka na Isra'ila kusan sau goma wajen alajin gyaɗa. Bambancin shi ne a Isra'ila tun jarirai suna 'yan watanni ake ba su wani abin taɓawa na gyaɗa mai narkewa a baki, ana ce masa Bamba.

Wannan dai hasashe ne, sai an gwada. Sai aka ɗauki jarirai 640 'yan wata 4 zuwa 11, masu matsanancin ciwon fata mai bushewa da ƙaiƙayi, ko masu alajin ƙwai. Aka raba su gida biyu, wasu ana ba su abinci mai gyaɗa a kai a kai, wasu an hana su, aka bi su har suka kai shekara biyar. Sakamakon ya fito a 2015. Cikin waɗanda aka hana, kusan 17 cikin 100 sun kamu da alajin gyaɗa. Cikin waɗanda aka ba, kusan 3 ne kawai cikin 100. Kun ga ashe shawarar farko ba ta kare yaran ba. A 2017 Amurka ta fitar da sabuwar ƙa'ida ta fara ba jarirai gyaɗa da wuri. Wannan aiki ya ci shekaru, ya ci albashin likitoci da nas-nas da kuɗin gwaje-gwaje, kuma cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka na cikin manyan waɗanda suka biya. Da ba a biya ba, da an daɗe ana hana yara abin da zai kare su.

Wata za ta ce, to tunda sun bincika, mu ai sai mu kwafa. A'a 'yar uwa, ba a nan gizo ke saƙar ba. A 2013 masu bincike daga Ghana da Holan suka wallafa wani aiki da suka yi a kan 'yan makaranta fiye da dubu a Ghana. Gwajin jini ya nuna alamar alajin gyaɗa a jikin kusan 17 cikin 100, amma waɗanda suka ce gyaɗa tana damunsu ba su kai 2 cikin 100 ba. Suka gano cewa abin yana da alaƙa da tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini da yara ke ɗauka a kududdufi da rafi. Garkuwar da jiki ya tanada don tsutsar tana iya ruɗa gwajin, ya nuna alaji alhali yaro yana cin gyaɗarsa lafiya lau. Tsargiya kuwa muna da ita a ƙasar Hausa. Ke nan takardar gwaji da za a yarda da ita a Landan tana iya yaudarar likita a Kano ko Maraɗi in bai san da wannan ba.

Kuma kuskuren ba ƙarami ba ne a wurinmu. Gyaɗa ce kunun yaye, ita ce ƙuli-ƙuli, ita ce miya, tana cikin yajin tsire. Abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti ma da gyaɗa da madara ake yin sa. In aka hana ɗan talaka gyaɗa da ƙwai da madara ba bisa hujja ba, me ya rage masa? An gudu daga alaji an faɗa tamowa. In kuma yana da alajin da gaske ba a gane ba, ransa ne a kan siraɗi. Kowanne ɓangare aka kauce akwai asara.

Shi ya sa ake bukatar ƙwararru. Likita yana shekara shida a jami'a, sannan ya ƙara wasu shekaru kafin ya zama likitan yara, sanin alaji kuma wani horo ne a kan wannan. Shi ne zai saurari labarin uwa dalla-dalla, ya yi gwajin fata da ake karantawa cikin kamar minti 15, in akwai shakka ya ba yaro abincin kaɗan-kaɗan a asibiti, allura na ajiye a gefe. Yana bukatar nas da ta san aikin, da masaniyar abinci da za ta faɗa wa uwa abin da zai maye gurbin wanda aka hana. Haka ma'aikatan ƙananan asibitoci na karkara, su ne uwa take fara tararwa da tsakar dare. Horon 'yan kwanaki kan gane alamun haɗari da yin allurar adirenalin, tare da tabbatar da cewa allurar tana cikin kabad, zai iya ceton rai.

Wa zai biya? Na farko gwamnati. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma kasafin tarayyar Nijeriya bai cika wannan alkawari ba. Akwai asusun TETFund da ke ba malaman jami'o'i kuɗin bincike, ya kamata masu neman sanin alaji a yaranmu su samu rabonsu. Na biyu kuma jama'a. A 2016 wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta rasu bayan ta ci burodi mai riɗi wanda ba a rubuta riɗin a jikin ledarsa ba. Iyayenta suka tsaya tsayin daka har aka yi dokar da ta fara aiki a 2021 ta tilasta rubuta duk kayan haɗi a jikin irin wannan abinci, suka kuma kafa gidauniya da ta ba da fam miliyan 2.2 don gwajin magani a 2022. Mu ma muna da masu hali da ke gina ɗakunan asibiti, Allah ya saka musu. A tuna musu cewa ɗaukar nauyin horon likita ɗaya ko nas biyu shi ma gini ne. Ƙungiyoyinmu na mata kuma, in 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a, a sa wannan cikin abin da za a tambaye su.

Kafin nan, uwargida, ga naki. Nono zalla har wata shida, sannan ki fara abincin yaye, sabon abinci ɗaya bayan ɗaya don ki gane wanda ya kawo matsala. Gyaɗa a niƙe ko a kunu, kada a ba ƙaramin yaro ƙwayarta don tana shaƙewa. In jaririnki yana da matsanancin ciwon fata ko ƙwai ya taɓa tayar masa da borin jini, ki ga likita kafin ki fara masa gyaɗa. In abu ya faru, ki riƙe abin da ya ci, da lokacin, da alamun da kika gani. In kuwa numfashi ya sarƙe, ba jira, ba ɗure, a nufi asibiti nan take.

A nan za mu dakata. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.